Yadda za ka ɗauki sautin wasan rok da hannunka ba tare da ya fashe ba

Ranar Lahadi da yamma wani ƙanina da muke layi ɗaya a Agege ya faɗo shagona yana ta washe baki, waya a hannu, wai Yaya zo ka ji abin da na kwaso jiya. Ashe wasan wasu samari masu kiɗan rok ya je can wajen Ikeja, ya tsaya kusan awa biyu hannu a sama yana rikodin. Na jona wayar da sifikar shago muka kunna. Wallahi ba abin da ke fitowa sai ɓurrr ɓurrr kamar janareta ya sha gurɓataccen mai, duk sanda mai ganga ya taka babbar gangar nan ta ƙafa sai komai ya dusashe, jita ta ɓace, muryar mawaƙin kuma tana can ƙasa kamar daga cikin rijiya yake kiran mutane. Yaron ya yi shiru, can ya ce "amma Yaya a wurin fa ba haka yake ba, daɗi kamar me." Na ce na sani, a ina ka tsaya? Ya ce gaba-gaba, jikin sifika, don ya ji da kyau. Ya tambaye ni ko zan iya gyara masa a kwamfuta, na ce masa wannan kam sai haƙuri. Ya ba ni tausayi sosai don na san zafin abin, ni ma haka na rasa wasan farko da na ɗauka, kuma ƙungiyar da ta yi wasan ta watse bayan 'yan watanni, ba su taɓa shiga situdiyo ba, waƙoƙin nan sun tafi kenan.

Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na koya tsawon shekarun da nake bin wasanni da 'yar rikoda a aljihu, ko wani zai amfana. Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai shi ne kunnenka da makirfo ba ɗaya ba ne. Kunne yana da ƙwaƙwalwa a bayansa, ita ke tace maka hayaniya, ta ɗauko maka muryar da kake so ta yar da surutun na gefenka, ga ido yana taimakawa, kana ganin yatsun mai jita sai ka ji kamar sautin ya ƙara fitowa. Makirfo ba ruwansa da wannan, abin da ya fi kusa da shi kuma ya fi ƙarfi shi zai kwasa, ko tarin wani ne ko ƙugin fanka. Kiɗan rok kuma ba kamar lacca ko hira ba ne, ƙararsa kan kai desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 100 zuwa 110 cikin sauƙi, kuma mafi yawan ƙarfin yana ƙasa ne wajen bes da gangar ƙafa, wato daidai inda ƙananan makirfo suke saurin shaƙewa.

Kada wani ya ɗauka wannan harkar ta 'yan wayar yau ce. A Amurka ƙungiyar Grateful Dead, wadda ta yi wasa sama da 2,300 tsakanin 1965 da 1995, masoyanta sun riƙa shigowa da rikodar kaset har ta kai a 1984 ƙungiyar ta ware musu wuri na musamman a bayan teburin injiniyan sauti, ka sayi tikitinka ka kafa sandar makirfonka, sharaɗin kawai ban da sayarwa, sai dai musaya tsakanin masoya. Yau dubban wasannin nan suna ajiye a Internet Archive, kowa na iya saurare kyauta. Akwai kuma Mike Millard na Los Angeles wanda ya riƙa shiga wasannin ƙungiyar Led Zeppelin a 1975 da 1977 a kan keken guragu alhali lafiyarsa ƙalau, ya ɓoye rikodar Nakamichi 550 a cikin kujerar keken, makirfo a jikin hula. Ban ce a kwaikwayi yaudarar ba, amma har yau ana jinjina wa sautin da ya ɗauko, kuma ba na'urar kaɗai ta yi aikin ba, mutumin ya san layin kujerun da sauti ya fi zama daidai a zauren, can yake nema kullum. A gefenmu kuma ga Mdou Moctar, mai jita ɗan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, kuma ta memori da Bluetooth waƙoƙinsa suka zaga sahara daga waya zuwa waya tun kafin Turawa su san da shi. Legas ɗin nan ma ta yi zamanin rok ɗinta, ga ƙungiyar BLO, ga Ofege da suka taso suna 'yan makaranta a St. Gregory's ta Obalende, Ginger Baker mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila ya zauna a garin nan har ya gina situdiyo a Ikeja, Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya zo a 1973 ya yi aiki a situdiyon EMI da ke Apapa. Abin da ya rage mana daga wancan zamanin galibi faifan situdiyo ne, dararen da suka kwana suna kiɗa a gaban mutane sun bi iska. Wannan yana ci mini rai ba kaɗan ba.

To kafin komai ka nemi izini. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai wasa haƙƙi a kan ɗaukar wasansa da yaɗa shi, kuma ko ba doka ma guminsa ne. Ƙananan ƙungiyoyin da nake haɗuwa da su a garin nan yawanci murna suke yi, ka je da wuri ka sami shugabansu ka ce Oga ina so in ɗauki sautin wasanku, ba sayarwa zan yi ba, gobe zan turo muku kwafi. In suka ce a'a ka mayar da rikodarka jaka ka ji daɗin wasan. Izinin nan kuma shi ke gyara sautin kansa, don wanda aka yarje wa yana iya kafa sanda a fili, wanda ke ɓoye-ɓoye kuwa makirfonsa yana ƙarƙashin riga yana gogar yadi.

Rikodin ɗin masoya iri uku ne, za ka ga ana rubuta su a jikin sunan fayil. AUD shi ne wanda aka ɗauka da makirfo daga cikin jama'a, SBD wanda aka jawo da waya kai tsaye daga mikisar injiniya, wato teburin da yake haɗa sautuka a kai, sai na ukun da ake haɗa biyun a kwamfuta daga baya, shi ake kira matiriks. Mutane da yawa suna ganin na mikisa shi ne ƙarshe, kuma wani lokacin haka ne, wasan da Grateful Dead suka yi a jami'ar Cornell ranar 8 ga Mayu 1977 daga mikisa Betty Cantor-Jackson ta ɗauke shi, ya yi suna har ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa shi cikin sautukan tarihi da ake adanawa a 2012. Amma a ƙaramin wuri irin waɗanda muke zuwa abin ya sha bamban. Ganga da amfilifayar jita suna da ƙarfi da kansu a kan dandamali, injiniya ba ya buƙatar tura su sosai cikin sifika, murya da piyano yake ɗagawa. Sai ka koma gida da fayil mai tsabta tas amma murya ta cika ko'ina, jita tana can nesa, jama'a kuma kamar ba su zo ba, waƙa ta ƙare shiru ba tafi. Ni dai in ɗaya zan zaɓa a ƙaramin zaure, na cikin jama'a nake zaɓa in dai na sami wurin tsayuwa mai kyau.

Wurin tsayuwar nan shi ne rabin aikin, ko ma fiye. In ka shiga ka fara neman inda injiniya ya kafa teburinsa, don daga nan yake sauraro, duk abin da yake murɗawa don ya yi daidai a kunnensa ne a wannan wurin. Tsaya kusa da shi, in da hali ɗan gabansa kaɗan. In kuma an cusa shi a gefen dandamali ko wani lungu, kamar yadda ake yawan yi a wuraren da ba don kiɗa aka gina su ba, to ka auna da ido: dubi tazarar da ke tsakanin sifikar dama da ta hagu, ka ja baya daga gaban dandamali kwatankwacin wannan tazarar, ka tsaya a tsakiya, kai da sifikun biyu kun zama kamar duwatsun murhu. In ka matsa gaba da yawa sifikun suna harba sauti ta saman kanka ko ta gefenka, abin da kake samu sai gangar da ke gabanka da amfilifaya ɗaya, murya babu. In ka ja baya da yawa ɗakin kake ɗauka ba makaɗa ba, amsa-kuwwa ta lulluɓe komai ya zama kunu. A fili sauti yana raguwa da desibel 6 duk sanda ka ninka nisa, amma surutun mutanen da ke kewaye da kai ba ya raguwa, shi ya sa rikodin ɗin baya-baya kullum hirar mutane ce da kiɗa a bayanta.

Ka guji jingina da bango, musamman kusurwa, bes yana taruwa a nan ya yi ta gurnani. Ka guji ƙarƙashin bene ko rumfa mai ƙasa-ƙasa. Ka guji wajen masu sayar da abin sha da bakin ƙofa, kwalba da canji da gardama duk za su shiga. Babban zaure mai rufin kwano yana da nasa hali, kwanon yana mayar da ƙarar farantan ƙarfen da mai ganga ke bugawa da tsinin jita ƙasa da kaifi, a irin nan gara ka ɗan matso gaba fiye da yadda ka saba. Fili buɗaɗɗe irin Freedom Park da ke Broad Street ya fi sauƙin sha'ani tunda ba rufin da zai mayar maka da sauti, sai dai iska. Wasan bakin ruwa kuwa can wajen Oniru ko Lekki, in ba ka sa wa makirfo hular gashin nan mai tare iska ba kada ma ka wahalar da kanka, soso kaɗai ba ya tare iskar teku, za ka ji fuuu fuuu a kan kowace waƙa. Wata dabara da ba ta cin kobo: lokacin da ƙungiyar share fage take wasa, toshe kunne ɗaya da yatsa ka zaga zauren a hankali. Kunne ɗaya ya fi kama da makirfo, nan da nan za ka ji inda murya take fita tsaf da inda take nutsewa.

Tsayi ma yana da muhimmanci. Jikin mutane yana shanye siraran sautuka, makirfon da ke daidai ƙirji a cikin cunkoso zai ba ka sauti kamar an rufe sifika da bargo. In an ba ka izinin sanda ka ɗaga ta sama da kawunan mutane, mita biyu da ɗan wani abu, ka ɗaure ta da jikin shingen injiniya kada a ture. In babu sanda, ƙananan makirfo biyu da ake maƙalawa a gefen hula ko kafaɗa suna aiki, amma fa daga nan ka zama gunki, in ka juya kai mai jita zai tashi daga dama ya koma hagu a kunnen mai sauraro. Ba waƙa, ba tafi, ba amsa gaisuwa. Wannan shi ne abin da ya fi wa mutane wuya, kuma na fahimta, amma tafi ɗaya kusa da makirfo ya fi dukkan ƙungiyar ƙarfi. In da abokinka kuka zo ka gaya masa tun a danfo cewa da an fara kiɗa ba magana.

Maganar na'ura ba ta da tsawo. Ƙaramar rikodar hannu irin Zoom H1n ko Tascam DR-05X ta ishi mai farawa, ana samunsu a Computer Village ko Alaba, sababbi da tokumbo. In tokumbo za ka saya ka je da memorinka da batir da iyafis, ka yi rikodin a wurin, ka shafa kowane makirfo da yatsa ka ji ko duka biyun suna aiki daidai, ka murɗa lebul, wato abin saita ƙarfin sautin da ke shiga, ka ji ko yana ƙaras-ƙaras. Na Zoom ɗin makirfonsa suna kallon gaba ne, suna rage abin da ke bayanka, sun fi dacewa da wuri mai surutu. Na Tascam ɗin suna kwasa ta ko'ina, bes ɗinsu ya fi cika, amma duk wanda ya yi atishawa a bayanka ya shiga tarihi. In kana da niyyar jawowa daga mikisa sai ka nemi mai ramin XLR, wato na wayar makirfo mai haƙora uku, irin Zoom H5 ko H6.

Yanzu lebul, wato abin da ya kashe rikodin ɗin ƙanina. A rikodar dijital akwai silin, shi ne sifili a kan mitar da ke nuna ƙarfin sauti. Duk sautin da ya nemi wuce sifilin nan ana datse masa kai ne, kuma abin da aka datse bai shiga fayil ba sam, shi ya sa babu manhajar da za ta dawo maka da shi yadda yake, sai dai ta yi kame-kame. Rikodin da ya yi ƙasa kuwa ana ɗaga shi a gida cikin sakan biyu. Don haka kullum kuskurenka ya kasance ta ƙasa. Sa rikodar a WAV, wato fayil ɗin da ba a matse ba, bit 24, kilohaz 48, ka saita yadda in ganga ta buga da ƙarfi mitar za ta tsaya wajen -12. Kada gwajin sauti na yamma ya ruɗe ka, makaɗa ba sa bugawa da zuciya a lokacin gwaji, kuma injiniyoyi kusan dukkansu suna ƙara wuta ne yayin da dare ke yi, waƙar ƙarshe ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba. In ka ga dole sai ka rage a tsakiyar wasa, jira tsakanin waƙa da waƙa ka rage sau ɗaya, kada ka yi ta wasa da shi.

Kashe abin nan mai daidaita lebul da kansa. Shi ne yake sa in ganga ta buga komai ya nutse, in ta yi shiru hayaniyar jama'a ta taso, sautin ya riƙa numfashi kamar mai asma. Limita kuma, wato abin da ke danne sauti in ya kusa silin, ka bar ta a matsayin birkin gaggawa kawai, in ka ga fitilarta tana ƙiftawa kowane bugu to lebul ɗinka ya yi yawa. Akwai wani tarko da ya taɓa kama ni: mita tana nuna -12 lafiya lau amma na dawo gida sauti a fashe. Dalili shi ne makirfon ko ƙofar shigar sautin ta riga ta shaƙe tun kafin a zo wajen lebul, rage lamba ba ya hana wannan, kawai fasasshen sauti ne mara ƙarfi kake samu. Maganinsa ka ja baya daga sifika, ko ka kunna maɓallin rage ƙarfi na -10 ko -20 in rikodarka tana da shi. Sababbin rikoda masu bit 32 da ake cewa ba sa fashewa, gaskiya ne ta ɓangaren fayil, ba sai ka damu da saita lebul ba, amma in ka manna makirfo a jikin sifikar bes su ma ba za su cece ka ba. Kuma ka sa iyafis ka saurari abin da ke shiga na ɗan lokaci, kada ka dogara da ido kaɗai.

In waya kaɗai gare ka ba laifi, a yi da abin da ke akwai, amma ka san halinta. An gina makirfon waya don magana ne, tana ɗaukar kiɗa a matsayin hayaniyar da ya kamata ta danne. Nemi manhajar rikodin da ke ba ka damar zaɓar WAV da kashe tace hayaniya da rage lebul da hannu, kada ka yi amfani da saƙon murya na WhatsApp ko kyamarar Instagram. Sa wayar a yanayin jirgin sama, don kira ɗaya yana iya yanke maka rikodin a tsakiyar waƙar da ka fi so, kuma ko rikoda kake amfani da ita wayar da ke kusa da ita tana jefa mata dit-dirit-dit ɗin nan na neman sabis. Cire murfin wayar, duba inda ramukan makirfon suke kada yatsanka ya toshe, ka ƙara ja baya fiye da mai rikoda. Ƙaramin makirfon da ake sokawa a ramin caji irin Shure MV88 yana canza labarin gaba ɗaya in aljihu zai iya. Sannan ka riƙe ta da kyau, ka san Legas, hannu a sama cikin cunkoso da dare.

Awa ɗaya a bit 24 da kilohaz 48 tana cin kusan giga 1, don haka memori mai giga 32 ya wadatar, ka yi masa fomat a cikin rikodar kanta ba a kwamfuta ba, kuma ka kiyayi jabun memori, su ne suke nuna sun ɗauka alhali fayil ɗin fanko ne. Sabon batir kowane wasa, da wasu a aljihu, don wasan da aka ce ƙarfe takwas yana iya kaiwa sha ɗaya bai fara ba. Ka fara rikodin minti biyu kafin su hau, kada ka tsayar tsakanin waƙoƙi, ka danna maɓallin kulle. Da damina ka tafi da leda mai zif, gumi ma kaɗai ya isa ya jiƙa rikoda a aljihun gaba.

In injiniya ya yarda ya ba ka layi daga mikisa, ka je da wayoyinka iri-iri, XLR da babban jak da RCA, kada ka sa ran zai ba ka nasa, kuma ka same shi kafin aiki ya kankama, ka gaishe shi da mutunci, ruwan sanyi ɗaya yana buɗe ƙofa. Sautin mikisa yana da ƙarfi sosai, ta ramin layi zai shiga ba ta ramin makirfo ba. Kuma rikodarka ta zauna a kan batir, in ka jona ta a soket ɗin wurin alhali tana haɗe da mikisa sau da yawa za ka ji huuum a ƙasan komai, wato gurnanin wutarmu mai haz 50. Na NEPA ma da sauƙi, ana iya tsame shi daga baya a 50 da 100 da 150, amma na janareta yana yawo sama da ƙasa gwargwadon lodi, kamun sa sai an sha wuya. In kana da na'ura biyu, ɗaya a mikisa ɗaya cikin jama'a, to ka sami kayan matiriks, sai dai ka tuna sauti a iska yana tafiyar kusan mita 343 ne a sakan, a zafin Legas ma ya kusa 350, wato kusan milisakan 3 a kowace mita. In makirfonka yana mita 25 daga sifika, fayil ɗinsa ya makara da milisakan 70 da 'yan kai. Sai ka nemi bugun ganga ɗaya mai kaifi ka daidaita su da ido a kwamfuta, ka sake dubawa a ƙarshen wasan, don agogon na'urori biyu ba sa tafiya daidai, bayan awa guda sukan ɗan zame wa juna.

Da ka dawo gida, kafin ka taɓa komai kwafi asalin fayil ɗin wuri biyu, a kan kwafi za ka yi aiki. Manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce kuma ta isa. Hannu da sauƙi don Allah. Yanke abin da ke ƙasa da haz 40 zuwa 60 in gurnani ya yi yawa, ɗan rage wajen 200 zuwa 300 in sautin ya yi kama da cikin kwali, danne tafin da ya yi tsini ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ɗaga duka ya tsaya a -1. Maɓallin cire hayaniya kuwa ni na haƙura da shi a kan kiɗa, yana mayar da faranti kamar ana wasa a ƙarƙashin ruwa. Ka saurara a iyafis, a sifikar shago, a mota in akwai, kuma ka kwana kafin ka yanke hukunci, kunnen da ya sha ƙara daren jiya ba abin yarda ba ne. Tunda na ambaci kunne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa kada matsakaicin ƙara a wuraren wasa ya wuce desibel 100, kuma ko a nan ɗin ba a son mutum ya daɗe ba kariya. Abin toshe kunne ba shi da tsada, ni ba na shiga wasa babu shi.

Wajen turawa ne yawancin aikin kirki yake lalacewa. Ka ajiye a FLAC, yana rage girman fayil kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. MP3 kuwa zubarwa yake yi, kuma duk sanda aka sake matse shi yana ƙara zubarwa, kamar dai kaset ɗin da aka kwafa daga kwafin kwafi. In ta WhatsApp ne ka tura a matsayin dokumen, yana ɗaukar har giga 2 ba tare da ya taɓa shi ba, ko ka sa a Google Drive, ko in kuna tare ku yi Xender. Wanda ke kukan data ka yi masa MP3 na 320, wato mafi ingancinsa, daban daga asalin, ka rubuta a jiki cewa na sauraro ne kawai. In kuma wani ya turo maka FLAC kana shakka, buɗe shi a ƙaramar manhajar nan Spek, in ka ga an yanke komai ƙat a wajen kilohaz 16 kamar da reza, to yawanci MP3 na 128 ne aka sauya wa riga. Tsofaffin rikodin na kaset kuma matsalarsu gudu ne, batir ya yi sanyi a wurin ɗauka sai ka ji murya ta siranta wasan yana sauri idan an kunna a rikoda mai lafiya, ana gyara wannan ta hanyar gwada shi da sautin jitar da aka saita daidai.

Kowane wasa ka haɗa shi da ɗan rubutu a fayil ɗin tekis: sunan ƙungiya, wuri, kwanan wata da shekara, jerin waƙoƙi, inda ka tsaya da nisanka daga dandamali, wace rikoda, wane makirfo, me ka taɓa a Audacity, har inda wuta ta ɗauke aka jira janareta ka rubuta minti nawa ne. Sunan fayil ya fara da shekara, sai wata, sai rana, don su jeru da kansu. Ƙanin nawa ya ce samarin za su sake wasa ƙarshen wata, na ce ya zo ya karɓi tsohuwar Zoom ɗina da hular gashinta, zan saita masa lebul in danna kulle tun daga shago, shi dai aikinsa ya nemo teburin injiniya ya tsaya taku uku a gabansa.